Darasi na Tara: Natsuwa a Lokacin da Hankali Ya Rabu

Akwai wata magana da malaman yaƙi da jahilci suka saba ji daga bakin ɗalibai, musamman idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba: "Malam, ni fa kaina ba ya ja." Sau da yawa mai faɗin haka magidanci ne da zai lissafa kuɗin buhu talatin na masara da ka, ya cire la'ada, ya cire kuɗin mota da na 'yan dako, bai yi kuskuren naira ɗaya ba. Ko kuwa uwargida ce da ke riƙe da adashin mata ashirin, ta san wadda ta zuba, ta san wadda ta yi fashi, ta san mai kwasa a wannan makon, duk ba takarda. Amma da an zo gaban allo an rubuta layi biyu, kafin a kai ƙarshen na biyu na farko ya gudu.

Tun a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, kuma har yau ajin manya bai rabu da wannan koke ba. Kan da ke riƙe lissafin kasuwa kuwa yana ja. Abin da ya yi ƙaranci shi ne natsuwa, ita kuma koyonta ake yi, kuma akwai dalilan da ke sa ta yi wahala ga wanda rayuwa ta matsa wa.

Abin da rashi ke ci

A 2013 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da ya kamata manoman rake na Rogo a Jihar Kano su san da shi, domin da 'yan'uwansu a sana'a aka yi. Masana huɗu, cikinsu har da Anandi Mani da Sendhil Mullainathan, sun bi manoman rake 464 a ƙauyuka 54 na jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya. Rake yana ɗaukar kusan shekara a gona, kuɗinsa kuma a dunƙule yake zuwa. Saboda haka manomi ɗaya yakan zama mutum biyu: kafin sara yana cikin bashi, ya jinginar da kayansa, bayan an biya shi kuma ya samu sarari. Sai masanan suka yi wa kowane manomi gwajin kaifin tunani da riƙe hankali sau biyu, kafin kuɗi ya zo da bayan ya zo.

Mutumin bai canza ba, iliminsa bai ƙaru ba, amma sakamakonsa ya fi kyau a fili bayan an biya shi. Masu binciken sun duba ko yunwa ce, ko gajiyar aiki, ko ƙarancin lokaci, suka ga waɗannan ba su isa su bayyana bambancin ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne, lissafin yadda za a fita kunyar gobe yana cinye wani kaso na hankalin mutum, ko da ya zauna yin wani abu dabam. Sun kwatanta asarar da ta wanda ya kwana bai runtsa ba. Daga baya wasu masana sun yi jayayya kan girman bambancin, amma duk wanda ya taɓa karanta wasiƙa alhali mai bashi yana tsaye a ƙofar gida ya san akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

A yankin Karaye da Rogo ba a buƙatar tafinta. Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye ta buɗe ƙofar noman rani da kamun kifi, amma noman rani da injin ban ruwa ake yin sa, injin kuma fetur yake sha. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lissafin kowane fangali ya canza. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari. A haɗa da kuɗin taki, da na magani, da zulumin tsaro da ke damun garuruwan da ke bakin iyakar Katsina da Kaduna. Ɗalibin da ya shigo aji bayan la'asar da duk wannan a ransa, jikinsa ne ke kan benci.

Hankali mai yawo

Ko babu talauci, yawo ɗabi'ar hankali ce. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutane 2,250 tambaya ta waya a lokuta dabam-dabam: me kake yi yanzu, kuma me kake tunani? Kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, tunanin mutanen yana wani wuri ba inda hannunsu yake ba. Sun kuma gano cewa a lokacin da hankali ya tafi yawo, mutane sun fi ba da rahoton rashin jin daɗi.  Yanzu kuma ga wayar hannu ta shiga kowace rumfa, WhatsApp na kira, TikTok na kira, kowanne an gina shi ne don ya fizgi ido.

Akwai kuma waɗanda nasu ya wuce na kowa. Likitoci suna da wata larura da suke taƙaita sunanta da ADHD, ta ƙarancin mai da hankali da kasa zama wuri ɗaya. Tana farawa tun yarinta, kafin shekara 12, tana yawan bin jini, kuma ana ƙiyasta tana shafar kusan yara biyar cikin ɗari da manya biyu zuwa uku cikin ɗari. A ƙauye ba a san ta da wannan suna ba. Yaron da aka aika sayen gishiri ya dawo da ashana, wanda a makarantar allo ya fi kowa shan dorina, shi ake kira gagararre ko mai ƙiriniya. Idan ya girma shi ne mai fara aiki uku bai gama ɗaya ba, mai manta alƙawari, mai katse mutane cikin magana ya dawo yana jin kunya. Ba ƙeta ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba ne. Da yawansu sun bar makaranta tun suna ƙanana, sai yanzu suka dawo ajin manya da tsohon tabon duka a zuciya.

Abin da ke cikin Ahalari

Abin sha'awa, mutanen ƙasar nan sun daɗe da darasi kan wannan matsala, sai dai ba a cika kallonsa ta wannan fuska ba. Littafin Ahalari, wanda malamin Aljeriya Abdurrahman al-Ahalari ya wallafa a ƙarni na 16, yana cikin littattafan fiƙihu na farko da yawancin almajirai ke buɗewa a zaure. Kaso mai tsoka na littafin kan rafkanuwa ne: wanda ya manta ko raka'a uku ya yi ko huɗu, wanda ya tashi bai yi zaman tahiya ba, inda ake ƙabli da inda ake ba'adi. Wato malamai sun san cewa ko a gaban Ubangiji hankalin ɗan Adam yana zillewa, sai suka tsara yadda zai gyara ya ci gaba, ba tare da ya ɗauki kansa asararre ba.

Hukuncin mai yawan wasuwasi ya fi komai dacewa da wannan darasi. Wanda kokwanto ya aure shi, kullum yana shakkar abin da ya yi, ba a ce ya riƙa bin kowane kokwanto yana sake raka'a ba. An ce ya ƙyale shi, ya ƙarasa sallarsa, ya yi ba'adi. Dalilin a fili yake: bin wasuwasi shi ke ƙara masa ƙarfi. A cikin farillan salla kuma an lissafa natsuwar gaɓoɓi a ruku'u da sujada, ta yadda mai gaggawa dole ya dakata.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya zurfafa a kan halartar zuciya cikin littafinsa Ihya'u. Ya raba abin da ke ɗauke hankali gida biyu. Akwai na waje, wanda ido ke gani ko kunne ke ji, maganinsa a kawar da shi, a sunkuyar da kai, a matsa kusa da bango. Akwai na ciki, wato damuwar da mutum ya zo da ita, wannan ya fi wuya, sai an yi shiri tun kafin kabbara, an riƙa jawo zuciya zuwa ma'anar abin da baki ke karantawa. A hadisi ma an hana salla ga wanda fitsari ya matse, an kuma ce idan an ajiye abinci a fara ci. Addini bai yi musun cewa buƙatar jiki tana satar hankali ba.

A nan akwai iyakar da ya kamata a kiyaye. Salla ibada ce, ba motsa jiki ba, ba a yin ta don saukar da hawan jini. Atisayen da za a koya a ƙasa kuma ba ibada ba ne, ba ya maye gurbin zikiri ko addu'a. Amma wanda ya saba dawo da zuciyarsa sau biyar a rana ya riga ya san hanyar.

Abin da asibitoci suka gwada

A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts a Amurka, domin marasa lafiya masu ciwon da ya ƙi jin magani. Ya ɗauko dabarun zaman tunani daga al'adun mabiya addinin Buddha, ya cire musu rigar addini, ya bar horon kawai: mutum ya sa hankalinsa da gangan kan abin da ke faruwa yanzu, numfashinsa ko jikinsa, ba tare da yanke wa kansa hukunci ba. Daga baya wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka haɗa shi da maganin ciwon damuwa, kuma gwajin da suka buga a 2000 ya nuna yana rage dawowar ciwon ga waɗanda ya taɓa kamawa sau uku ko fiye.

Ba a kan komai ya yi nasara ba, kuma masu tallarsa sukan wuce gona da iri. A 2014 wasu likitoci na Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi da mutane 3,515. Sun samu matsakaiciyar hujja cewa horon yana rage fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo. A kan ƙara kaifin mai da hankali, ko barci, ko barin shaye-shaye, hujjar ba ta isa ba. Ga masu ADHD, wani ƙaramin gwaji da likita Lidia Zylowska ta jagoranta a Los Angeles a 2008, da manya 24 da matasa 8, ya ba da fata, kuma a cikinsa an gajarta zaman, an fara da minti biyar, saboda an san ba za su jure doguwar zama ba. Taimako ne a gefe, ba madadin likita ba.

Gwajin da ya fi kusa da halinmu a Yuganda aka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na zama biyar, kowane na awa biyu, da ake sauraro daga naɗaɗɗiyar murya, ga kuma littafi mai hotuna don wanda bai iya karatu ba. An gwada shi da mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a sansanin Rhino da ke arewacin ƙasar, matan da suka ga yaƙi da idonsu. Masu jagorantar zaman ba likitoci ba ne, mutanen gari ne da aka ba ɗan horo. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna damuwar matan ta ragu, kuma bayan wata uku ragin yana nan. Ba a ƙara musu ko mudun dawa ba, amma sun fi iya ɗaukar abin da ke gabansu.

Yadda ake yi

A ɗauki ajin mata a wata makarantar firamare bayan yara sun tashi. Kafin a buɗe littafi, malama ta ce kowa ta ajiye waya a jaka, ta kafa tafin ƙafa biyu a ƙasa, ta ɗora hannu a cinya. Ba dole a rufe ido ba, ya isa a kalli wuri ɗaya a kan tebur. Sai a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, a sauke ta a hankali ana ƙirga ɗaya zuwa shida. Akwai dalilin tsawaita saukewar: bugun zuciya yana ɗan raguwa duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi, shi ya sa ajiyar zuciya ke kawo sauƙi. Numfashi goma irin wannan bai kai minti biyu ba.

Kafin na huɗu, wata za ta tarar tana tunanin tukunyar da ta bari a murhu, ko goyon da ke zazzaɓi. Za ta ce, "Malama, ni na kasa, tunani ya ɗauke ni." Amsar malama ita ce zuciyar wannan darasi: "Inna, wa ya gaya miki ya ɗauke ki? Ai ke kika lura. To, wannan lurar ita ce aikin. Ki ce a ranki, ga tunanin gida ya zo, sannan ki koma ƙirga daga ɗaya." Wadda hankalinta ya tafi sau ashirin ta dawo da shi sau ashirin, ta yi atisaye ashirin. Kuskuren da ke sa mutane su bari shi ne zaton ana son kai ya zama fayau babu tunani. Babu mai rai da ya iya haka.

Ambaton abin da ya zo da sunansa yana da amfani na musamman ga mai damuwa. Akwai tazara tsakanin mutum ya ce "na shiga uku" da ya ce "ga tunanin bashin taki ya dawo". A na farko tunanin ne ke riƙe da shi. A na biyu shi ne ke kallon tunanin, kuma yana iya yanke masa lokaci: bayan isha'i zai zauna da biro da takarda ya rubuta nawa ake bin sa, wa zai fara biya, me zai sayar. Nan ne ma karatun da rubutun ke rama wa ɗalibi, domin abin da aka sauke a takarda ba sai an yi ta dakonsa a ka ba.

Wanda zama ke gagara, kada a tilasta masa zama. Ya yi da aikin hannunsa. Mai tsince shinkafa a faifai ta sa hankalinta kan yatsunta, da ƙarar tsakuwa idan ta faɗa ƙasa, da sanyin ƙwayar a tafin hannu. Masunci a bakin Challawa yana ɗinke kalli ya bi zaren ido bayan ido. Mai alwala ya ji ruwan a fuskarsa da tsakanin yatsunsa maimakon ya gama bai san ko ya yi shafar kai ba. Mai ban ruwa ya san idan ya buɗe wa fangali goma ruwa lokaci guda babu wanda zai ƙoshi, sai ya toshe tara ya cika ɗaya, haka kuma ake yi da hankali a gaban littafi: layi ɗaya, a sa yatsa a ƙarƙashinsa, a rufe sauran da takarda, a karanta a bayyane, bayan minti goma a miƙe a ɗan taka a dawo.

Lokacin fushi ko firgita, numfashi kaɗai ba ya kamuwa da sauƙi. Sai mutum ya koma ga abin da ke kewaye da shi, ya ambaci abubuwa biyar da yake gani, ya saurari sauti uku, ya danna ƙafarsa a ƙasa ya ji taurinta. Umarnin da ya zo a hadisi cewa mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ko ya yi alwala, yana ba da irin wannan tazara kafin baki ya furta saki ko hannu ya kai duka.

Inda natsuwa ba ta isa ba

Numfashi ba ya sauke farashin taki, kuma rashin adalci ne a ce wa mai jin yunwa ya natsu kawai. Haka nan rashin mai da hankali yakan zo daga ciwon da ke da magani: ƙarancin jini, musamman ga mai ciki da mai shayarwa, zazzaɓin cizon sauro da ya ƙi sauka, rashin barci, raunin ji, ko idon da ke buƙatar tabarau. Akwai ma nau'in farfaɗiya da yaro ba ya faɗuwa, sai dai ya yi shiru ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauka rainin hankali ne. Duk waɗannan a asibiti ake gane su.

Hanyar da ta fi cutar da matasa ita ce neman natsuwa a ƙwaya. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma a watan Mayun shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ɗan ƙwadagon da ke haɗiyar tiramol don ya jure saran rake daga safe zuwa yamma yana cin bashin jikinsa ne, kuma barci da hankali ne ke fara biya.

Wanda ya taɓa ganin tashin hankali, kamar hari ko garkuwa ko mummunan haɗari, rufe ido da yin shiru na iya dawo masa da abin sabo. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya zaɓi atisayen aikin hannu, ya tsaya da zarar ya ji ƙirjinsa ya ɗauka. Idan kuma baƙin ciki ya wuce mako biyu, abinci ya fita a rai, barci ya ƙaurace, mutum ya daina zuwa gona ko kasuwa, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya fara maganar gara ya mutu, to 'yan'uwa su kai shi asibiti ba tare da jira ba, addu'a kuma ta ci gaba. Ana farawa daga asibitin da ke kusa a Karaye ko Rogo, daga nan a tura shi asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a duk faɗin ƙasar, don haka akwai layi da jira. Amma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan larura majiyyaci ne mai haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi zai zaɓi aiki ɗaya da yake yi kullum, wanda bai wuce minti biyar ba, ya yi shi da cikakken hankali sau ɗaya a rana. A bayan littafinsa zai ja layi bakwai, ɗaya ga kowace rana, ya rubuta kalma ɗaya tak: sunan tunanin da ya fi ɗauke shi a ranar, ko taki, ko bashi, ko biki, ko zazzaɓi. Wanda bai kai ga rubuta kalmar ba ya zana alamarta. A zama na gaba za a rubuta kalmomin a allo ba tare da sunan masu su ba, a yi karatun ranar da su, sannan a ƙirga wadda ta fi yawa a ajin.